Daga mumbari zuwa littafin bashi: yadda aƙidar Furotesta ta raini kasuwancin Amurka

A shekarar 1639, kotun yankin Massachusetts ta gurfanar da wani attajirin Boston mai suna Robert Keayne. Ba sata ya yi ba, ba kuma algus ba. Laifinsa tsawwala farashi: an ce yana cin ribar fiye da sisi a kan sule a kayan da yake shigowa da su daga Ingila, irin su ƙusoshi da linzami. Aka yanke masa tarar fam 200, daga baya aka sassauta. Cocinsa ma ta tsayar da shi gaban jama'a, ya amsa da hawaye cewa kwaɗayi ya rinjaye shi. Babban malaminsu John Cotton ya hau mumbari ya yi wa'azi cewa kuskure ne mutum ya ɗauka yana da ikon saye da araha iya iyawarsa, ya sayar da tsada iya son ransa.

Waɗanda suka yi wannan hukunci su ne 'yan Piyuritan, wani reshe na Kiristocin Furotesta masu bin koyarwar John Calvin, da suka kafa Boston a 1630. Sun zo ne da niyyar sa wa kasuwa linzami. Amma cikin aƙidarsu akwai irin da zai tsiro ya fi ƙarfin linzamin.

A wajensu, sana'a kira ce daga Ubangiji. Maƙeri a gaban uwar maƙera da ɗan tireda a shagonsa duk bauta suke yi muddin sun riƙe gaskiya. Zaman banza zunubi ne, almubazzaranci da ado na fahariya ma haka. To mutumin da ke aiki ba ji ba gani, kuma an hana shi facaka, ina kuɗinsa za su? Sai su koma cikin jari: jirgin ruwa, kamun kifi, katako, injin niƙa. Ga kuma boko. Domin kowa ya karanta Baibul da kansa, dokar 1647 ta wajabta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malami. Yaron da ya koyi karatu don nassi, da shi ya karanta yarjejeniyar ciniki.

A Philadelphia, wadda William Penn ya kafa a 1682, 'yan ɗariƙar Kwaika sun ƙi rantsuwa, sun kuma ƙi tayi da albarka, domin a ganinsu faɗin farashin da ba shi kake nufi ba ƙarya ce. Suna ɗaya suka yi: maganarsu kaifi ɗaya. Wannan suna ya zame musu jari, har 'yan'uwansu na Landan ke aiko musu da kaya bashi daga ƙetaren teku. A garin ne Benjamin Franklin, ɗan gidan Piyuritan daga Boston, ya riƙa yaɗa nasihohin tattali da kiyaye lokaci da biyan bashi a kan kari, amma a matsayin hanyar arziki, ba ta tsira ba. Shi ne misalin da masanin Jamus Max Weber ya kafa hujja da shi a nazarinsa na 1904 zuwa 1905 kan alaƙar Furotesta da jari-hujja.

Bayan Amurka ta sami 'yancin kai, lamarin ya ƙara fitowa fili a gidan Arthur da Lewis Tappan, dilolin siliki a New York. Farashinsu ɗaya ne, yaran shagonsu kuma ba giya, ba gidan wasa, sai coci ranar Lahadi. Karayar tattalin arzikin 1837 ta durƙusar da kamfanin, ta koya wa Lewis cewa a ƙasa mai faɗi haka ba ka sanin wa kake ba bashi. A 1841 ya buɗe Mercantile Agency, inda wakilai, galibi lauyoyi, ke aiko da rahoto daga garuruwa kan dukiyar ɗan kasuwa da halinsa: yana sha? yana caca? yana cika alkawari? Abraham Lincoln na cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Kamfanin shi ne tushen Dun & Bradstreet na yau. Tambayoyin da dattawan coci ke yi don ceton rai, yanzu ofis ke yin su don ƙayyade lamuni.

Sai dai akwai abin da wannan ma'auni ya kasa aunawa. Jiragen Rhode Island sun yi safarar bayi daga Afirka ta Yamma, masaƙun garin Lowell da ke tilasta wa ma'aikata zuwa coci audugar bayi suke saƙawa, fastocin Kudancin Amurka kuma suna kare bauta da nassi. Cikin addinin dai aka sami masu tsayawa: Kwaika na Philadelphia sun haramta wa mabiyansu mallakar bayi a 1776, kuma a 1834 'yan zanga-zanga suka farfasa gidan Lewis Tappan saboda adawarsa da bauta.

Gadon da aƙidar ta bar wa kasuwar Amurka ke nan: ƙwazo, karatu da amana. Kasuwa ta rungumi waɗannan domin suna kawo riba. Sharaɗin da suka zo tare da shi, cewa riba tana da iyaka kuma ɗan Adam ba haja ba ne, shi ne ta yi ta jan ƙafa a kai, har sai da aka zubar da jini a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865.