Daga Goyon Uwa Zuwa Aji: Tarihin Waƙoƙin Yara a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa, idan ya zauna ya yi nazari, zai tarar akwai waƙoƙin da ya haddace tun yana ƙarami waɗanda har gobe ba su bar kansa ba, alhali darussan da ya kwana yana bita a bara sun gudu. Wannan ba abin mamaki ba ne. Tarihi ya nuna cewa duk lokacin da Bahaushe ya so ya dasa wani abu a zuciyar yaro, waƙa yake sa shi a ciki. Hanyoyi uku aka bi: bakin uwa da dandali, sai makarantar allo, sannan ajin boko.

Mawaƙan da ba a san sunansu ba

Mafi tsufa a cikin hanyoyin nan ita ce ta baka. Waƙar farko da jariri ke ji ita ce ta reno, wadda uwa ko kaka ko yaya ke rerawa tana jijjiga shi a baya. Idan ya tasa, sai tatsuniya ta karɓe shi da dare, kuma tatsuniyoyi da yawa suna da 'yar waƙa a tsakiya wadda yara ke amsawa. Daga nan sai dandali, inda 'yanmata ke gaɗa a farin wata, ɗaya na bayarwa saura na amshi da tafi. Idan azumi ya kai kwana 10, sai tashe ya fito, yara su bi gida-gida da wasanni irin su Jatau Mai Magani da Mairama da Daudu, suna kwaikwayon manya, suna yi wa halin banza dariya.

Waɗannan waƙoƙi su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi zama na yara tsantsa, amma babu wanda zai iya faɗin wanda ya ƙaga su. Mafi yawan mawaƙan yaran Hausa mata ne da yaran kansu, kuma ba su bar suna a bangon littafi ba.

Nana Asma'u da waƙar karantarwa

Hanya ta biyu ta zo ne tare da ilimin addini. Malamai sun daɗe da sanin amfanin tsara ilimi a baiti, domin littattafai irin su Alfiyya ta Ibn Malik, mai koyar da nahawun Larabci cikin baiti kusan 1,000, da rerawa ake haddace su. Masu jihadi na ƙarni na 19 sai suka ɗauko wannan dabara suka shigo da ita cikin Hausa da Fulatanci.

Wadda ta fi fice a nan ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793 zuwa 1864). Ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 a cikinta domin a sami sauƙin riƙewa. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda shugabar mata da ake kira jaji ke jagorantar tsofaffi da ƙananan 'yanmata daga ƙauyuka, su zo su ɗauki karatu a waƙe, su koma su koya wa na gida. A zamanin da babu injin ɗab'i, kuma takarda na da tsada, waƙar ita ce littafin, kan yarinya kuma shi ne akwatin ajiyarsa. Islamiyyun da yara ke rera tauhidi da tarihin Annabi a cikinsu gadon wannan hanya suka ci.

Malaman makaranta da suka zama mawaƙa

Da boko ya shigo, iyaye da yawa sun guje shi, sai waƙa ta sake zama makami. Mu'azu Haɗeja, wanda malamin makaranta ne kuma ya rasu a 1958, ya rubuta Ilmin Zamani yana jan hankalin jama'a ga karatu. Aƙilu Aliyu, mai diwanin Fasaha Aƙiliya, ya yi Kadaura Babbar Inuwa, inda ya kamanta ilimi da itaciyar da kowa ke fakewa a ƙarƙashinta. Shi kuwa Alhaji Shehu Shagari, tun kafin ya zama shugaban Najeriya a 1979, lokacin yana koyarwa a Sakkwato cikin shekarun 1940, ya tsara Waƙar Najeriya domin ɗalibai su san labarin ƙasarsu, garuruwanta da kogunanta da al'ummominta. Haka nan Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali ta shiga bakin 'yan makaranta da dama. Hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966, su ne suka buga yawancin irin waɗannan ayyuka har suka isa aji.

A farkon shekarun 1970 ne Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, inda ya kwashe abin da ke bakin kakanni da dandali ya mayar a takarda. Da wannan aiki, hanya ta farko ta haɗu da ta uku.

Sai dai a nan akwai abin lura. Yawancin rubutattun waƙoƙin da aka ba mu a makaranta, manya aka yi wa su, ko kuwa an yi su ne don wa'azi da gargaɗi. Marubutan da suka durƙusa daidai tsayin yaro, suka yi masa waƙar kyanwa da ruwan sama da kewar kaka don jin daɗinsa kawai, ba su da yawa. Wannan aiki an bar wa dandali ne, dandali kuwa talabijin da wayar hannu sun kwashe masa jama'a.

Ina ruwanmu da wannan?

Amfanin waƙa ga yaro a bayyane yake. Kari da amsa-amo suna taimaka wa hadda. Rerawa tana gyara harshe, domin Hausa tana rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, kuma yaron da ya saba da waƙa ba zai rikita fari da fāri ba, ko ƙafa da kafa. Waƙa tana ajiye kalmomin da ba a jin su a hirar yau da kullum, irin na noma da tsuntsaye da itatuwa. Bayarwa da amshi kuma suna koya wa yaro sauraro da jiran layi da magana gaban jama'a.

Wasunmu sun zo karatu da iyali, wasu kuma nan suka haihu. Yaron da ke tashi a London ko Alƙahira ko Khartum ba shi da farin watan gaɗa, ba ya jin gangar tashe. Idan iyayensa ba su rera masa ba, babu mai rera masa.

Ba mu ne farkon waɗanda suka riƙe alƙalami a baƙon wuri ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, ya yi zaman Salaga, ya rasu a Kete Krachi ta ƙasar Ghana ta yau a 1934, kuma a cikin zango ya karantar, ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa da ajami. Saboda haka wanda ya je hutu gida ya ɗauki muryar kakarsa tana waƙar reno tun tana raye. Mai baiwar waƙa kuma ya gwada baiti huɗu ko biyar masu sauƙi, ya rera wa yaran maƙwabta a taron sallah. Idan sun amsa, to ya dace.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu sa'ar abin da muka fito nema.