Kajin Brahma: Yadda ake kula da su a Sakkwato

Brahma wani nau'in kaji ne masu girman jiki da gashi har a ƙafafu, waɗanda aka samar a Amurka a tsakiyar ƙarni na 19 daga kajin ƙasar Sin.

Zakara kan kai kilo 5, kazar kuma kan yi ƙwai kusan 150 a shekara.

Sai dai gashin da ke jan hankalin masu kiwo shi ne babbar matsalar kajin a unguwanni irin su Minanata da ke Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu.

Da bazara

Kajin na buƙatar inuwa, da iska, da ruwan randa mai sanyi. A ba su abinci da sassafe da kuma yamma.

Idan kaza ta buɗe baki tana haki, ta saki fikafikai, zafi ya yi mata yawa, kuma yana iya kashe ta.

Da damina

Taɓo kan maƙale a gashin ƙafar, ƙwari su ɓuya a ciki, har ƙafar ta yi gyambo.

Don haka a shimfiɗa ɓuntun shinkafa a akurki, a riƙa canza shi, a kuma duba ƙafafun kowane mako.

Da hunturu

Lokacin ne cutar Newcastle ta fi kashe kaji. Ba ta da magani sai rigakafi, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke samarwa.

Duk kazar da aka sayo daga kasuwa, a ware ta tsawon mako biyu kafin a haɗa ta da na gida.