Asalin Kalma: Fenti

Daga Turanci muka aro ta, wato "paint". Bakin Bahaushe bai saba da harafin p ba, sai ya mai da shi f, kamar yadda ya yi wa fetur da famfo da fasinja. Kuma da yake yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, aka liƙa mata i a ƙarshe.

Kafin zuwanta ba a rasa abin faɗa ba. Tufafi rini ake yi musu, bango kuwa shafe, da makuba ko farar ƙasa. Fenti bai ture su ba, ƙarfe da katako da siminti ya kama.

A bakin direbobin da ke barin titin Zariya a Kwanar Dangora su nufi Tudun Wada da Doguwa, ta dajin Falgore, kalmar tana da abokan tafiya. Fentin mota fesa shi ake yi. Rana ta sa ya koɗe, ƙaya ta karce shi, tsatsa ta ci ta ƙarƙashi har ya ɓare. Ni dai na fi zargin masu goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, domin ƙurar nan yashi ce, kankare ƙyallin take yi. A fara kwarara ruwa tukuna. Omo ma, da masu wankin mota suka saba da shi, yana cinye man da aka shafa don kare fentin.

Kalmar ta shiga siyasa. Idan aka ce an shafa wa wani baƙin fenti, an ɓata masa suna ke nan, abin da iyayenmu ke kira shafa kashin kaji.