Tayar da motar haidirojin a lokacin tsananin sanyi

Motar haidirojin mota ce mai aiki da lantarki, amma a cikinta ake samar da wutar. Akwai wata na'ura da ake kira pile à combustible da Faransanci, wadda ke haɗa iskar haidirojin da ke cikin tanki da oksijin na iskar da muke shaƙa. Daga wannan haɗi ake samun lantarki da zafi da kuma ruwa. Wannan ruwa shi ne ya daɗe yana hana irin waɗannan motoci tashi a ƙasashe masu sanyi.

Ita kanta haidirojin ba ta daskarewa a kowane irin hunturu, domin sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifiri kafin ma ta zama ruwa-ruwa. Amma ruwan da ya saura a cikin na'urar bayan an kashe mota yana zama ƙanƙara da zarar awon zafi ya sauka ƙasa da sifiri. Ƙanƙarar tana toshe ƙananan kafofin da iska ke bi, sai wuta ta kasa samuwa. Haka kuma ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, abin da kan lalata siraran shimfiɗun da ke cikin na'urar. Ba a kuma iya busar da ita ƙaƙaf, domin fatar da ke tsakiyarta tana buƙatar ɗan laima kafin ta yi aiki.

Kamfanoni sun ɓullo wa matsalar ta hanyoyi biyu. Na farko, idan direba ya kashe mota, sai injin hura iska ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci yana fitar da ruwan da ya rage. Na biyu, a lokacin tayarwa ana rage iskar da ke shiga na'urar da gangan, ta yadda za ta fi ba da zafi a kan lantarki. Dole zafin ya haye sifiri kafin sabon ruwan da ake samarwa ya daskare, daga nan ya hau zuwa digiri 60 zuwa 80 inda na'urar ta fi aiki da kyau.

A shekarar 2003 kamfanin Honda na Japan ya sanar da na'urar da ke tashi a digiri 20 ƙasa da sifiri. A 2008 Toyota ya kai ga digiri 30 da motarsa FCHV-adv, sannan ya fitar da Mirai kasuwa a Disambar 2014. Motar Nexo ta Hyundai, wadda ta fito a 2018, ita ma an ƙera ta don jure irin wannan sanyi. A wasannin Olimfik na hunturu na 2022 a China, ɗaruruwan bas-bas masu haidirojin sun yi jigilar jama'a a Beijin da Zhangjiakou. A birnin Paris kuwa, tasi na kamfanin Hype sun fara aiki da haidirojin a 2015.

A Libreville, da ke dab da layin ekwaita, ruwa ba ya daskarewa a cikin mota, don haka matsalar tayarwa ba ta shafi birnin ba. Sai dai ƙanƙara na iya ɓullowa ta wata kafa. Gidajen sayar da haidirojin suna sanyaya ta zuwa kusan digiri 40 ƙasa da sifiri kafin a ɗura ta a tanki, don kada tankin ya ɗauki zafi. Inda iska ke da laima sosai, kamar gaɓar tekun Gabon, raɓa kan taru a bakin tiyo ta daskare, har ya manne da motar na ɗan lokaci. Duk wanda zai kafa irin wannan gida a yankin sai ya tanadi hanyar busar da bakin tiyon.