Daga Zangon Fatake Zuwa Zangon 'Yan Makaranta

Sa'anda malamin makaranta ya aiko da takarda yana neman izni ya kai samarinmu su kwana uku a daji, iyaye da yawa a Tudu da Nima da Mamobi sukan ƙi. Sukan ce wasan Turawa ne, ba abin da yaro zai samo sai sauro da maciji. Kafin mu yanke magana, bari mu bi asalin abin, gama ya fi kusa da mu bisa ga yadda muke zato.

Mu fara da sunan unguwanninmu. Zango shi ne wurin da ayari ke sauka ya kwana. Kakanninmu fatake sukan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni bisa hanya kafin su kai Salaga ta ƙasar Gwanja, su komo da goro. Madugu ne shugaba. Jagaba yakan wuce gaba ya zaɓi masauki kusa da ruwa. Samari kuwa su ke sauke kaya, su yi bukkoki, su nemo itace, su yi tsaron jakuna da dare. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga cikin 1892, fatake da yawa suka gangaro Kete Krachi da Kumasi da Ankara, suka zauna, sunan zango ya bi su.

Cikin Disamba 1895 wani hafsan Ingilishi, Robert Baden-Powell, ya sauka Cape Coast. Aka ba shi mutanen ƙasa ɗaruruwa su riƙa wucewa gaban rundunar da za ta Kumasi. Su ne masu duba hanya, suna sare kurmi, suna gina gadoji da bukkoki da itacen da suka tarar. Ran 17 ga Janairu 1896 runduna ta shiga Kumasi, da sojan Hausa a cikinta. Kada mu ɓoye gaskiya, tafiyar nan ta cin ƙasa ce. Ba a yi faɗa ba, amma aka kama Sarkin Asante Prempeh, aka fitar da shi daga ƙasarsa, bai komo ba sai 1924.

Amma abin da aka koya domin yaƙi ya juya ya zama na tarbiyya. Ran 1 ga Agusta 1907 Baden-Powell ya tara samari 20 a tsibirin Brownsea na Ingila, suka yi kamar mako guda cikin tantuna. Waɗansu 'ya'yan masu arziki ne, waɗansu kuwa daga Boys' Brigade, wadda William Smith ya kafa a Glasgow cikin 1883 domin yaran makarantar Lahadi. Ya raba su kashi huɗu, kowane kashi da shugabansa daga cikin yaran. Suka koyi bin sawu, da hura wuta, da ƙulla igiya, da ceton wanda ya faɗa ruwa. Ku duba, ashe ba tsarin ayari ke nan ba?

Cikin 1908 ya buga littafinsa na 'Yan Sikawut. Cikin 1912 aikin ya iso Gold Coast. A 1957, shekarar da Ghana ta sami mulkin kai, aka yi bikin cikar shekara 50 a Sutton Park na Ingila, inda samari wajen 30,000 suka taru daga ƙasashe fiye da 80. Ƙungiyar Ghana ta shiga ta duniya cikin 1960.

To, me wannan ya koya mana? Yaron da ya tashi cikin lungunan Nima ya san mota da kasuwa, amma da wuya ya taɓa ɗaukar ruwan da zai ishe shi yini, ko ya jira abokinsa da ya gaji bisa hawan dutse. A zango ba uwa da za ta dafa masa. Idan ya yi ƙyuya, dukan ƙungiyarsa za ta kwana da yunwa, shi ma zai gani da idonsa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Tsoron iyaye ba wauta ba ne. Zazzaɓi ne ya kashe sojan 1896, ba harsashi ba. Saboda haka ku tambayi malami: wane babba ne zai kwana tare da su? Ina za su sami ruwan sha? Akwai gidan sauro da akwatin magani? Ina asibiti mafi kusa? Idan ya amsa da kyau, ku sa wa yaro albarka ya tafi. Duwatsun Aburi ba su wuce kamar mil 20 daga Ankara ba. Jikan madugu bai kamata ya girma bai taɓa kwana a zango na gaske ba.