Gashuwa: Garin Da Rayuwarsa Ta Dogara Ga Kogin Yobe

Gashuwa gari ne da ke arewacin Jihar Yobe, a gaɓar Kogin Yobe, wanda ake kira Komadugu Yobe. Shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bade, kuma a nan fadar Mai Bade take. Mai zuwa daga Potiskum yakan nufi arewa ta hanyar Jakusko kafin ya isa garin.

A yamma da Gashuwa ne ruwan kogunan Haɗeja da Jama'are ke haɗuwa ya zama Kogin Yobe, wanda ke wucewa ta Gaidam, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar, sannan ya faɗa Tafkin Chadi. Damina gajeruwa ce a yankin, don haka fadamun da kogin ke shayarwa su ne madogarar manoman shinkafa, da masu noman rani, da masunta, da makiyaya. A dausayin Dagona da ke kusa, tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai sukan sauka a lokacin hunturu.

Asalin cibiyar masarautar ba Gashuwa ba ce. A wajejen 1825, Lawan Babuje ya haɗa kan al'ummar Bade, ya gina birnin Gogaram mai ganuwa domin kare kai daga Borno da Haɗeja. An mayar da fadar zuwa Gashuwa a 1946. Bayan ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, garin ya ƙara bunƙasa, kuma a 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa. A nan aka haifi tsohon Shugaban Majalisar Dattawa, Ahmad Lawan.

Sai dai kogin ya sauya hali. Madatsun ruwa na Tiga (1974) da Challawa (1992) a Jihar Kano sun rage ambaliyar shekara-shekara da fadamu suka saba samu. Ruwan da ake saki duk tsawon shekara kuma ya taimaka wa ciyawar kachala ta yaɗu, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su. A shekarar da ruwan sama ya yi yawa, kamar 2022, ambaliya kan shiga gidaje da gonaki.

Saboda haka, abin da manomi da masunci za su samu a Gashuwa ya rataya ne ga yadda jihohin Kano, Jigawa, Bauchi da Yobe ke raba ruwan wannan kogi.