Ɗan Jaridar da Aka Ce An Farke Shi da Allurai

Wani mai karatu ya aiko da tambaya: shin gaskiya ne Sinawa sun taɓa yi wa wani Ba'amurke tiyata idonsa biyu, ba tare da maganin kashe zafi ba, sai 'yan allurai da aka tsira masa? Labarin ya haura shekara hamsin yana yawo, kuma daga bakinsa ne maganin tsira allura na Sin ya shahara a Amurka. Sai dai an yi masa ƙarin gishiri.

Mutumin shi ne James Reston, babban marubuci a jaridar New York Times. A watan Yulin 1971 ya isa Sin tare da matarsa, lokacin da Amurkawa ƙalilan ke samun izinin shiga. Kwanaki kaɗan da isarsa Beijin aka shaida masa cewa Henry Kissinger, mai ba shugaban Amurka shawara, ya zo a asirce ya koma, kuma Shugaba Nixon zai kawo ziyara. Labarin shekara ya wuce ta ƙarƙashin hancinsa. Daga baya ya yi barkwanci cewa a daidai wannan lokaci ne ya fara jin suka a cikinsa. Ashe afendis ne.

Ranar 17 ga Yuli aka cire masa shi a Asibitin Yaƙi da Mulkin Mallaka. (Abin dariya, da kuɗin gidauniyar Rockefeller ta Amurka aka gina asibitin, juyin juya hali ne ya sauya masa suna.) Gaskiya ne idonsa biyu aka yi aikin, amma allurar kashe zafi irin ta kowane asibiti aka yi masa, wadda ta kashe masa tsakiyar jiki. Sai a dare na biyu, da ciki ya kumbura yana murɗa masa, likita Li Chang-yuan ya tsira masa allurai uku a gwiwar hannun dama da ƙasan gwiwoyin ƙafa, ya kunna wani busasshen ganye yana kanga shi kusa da cikinsa. Abin bai wuce minti 20 ba. Cikin sa'a guda kumburin ya sace, bai kuma dawo ba. Haka Reston ya rubuta da hannunsa a jaridar ranar 26 ga Yuli, kuma bai ce allurai sun yi mu'ujiza ba. Masu ɗaukar zance ne suka haɗe tiyatar da alluran. Ni dai na fi gaskata mai ciwon. Kumburin ciki bayan tiyata ma sau da yawa da kansa yake wucewa.

Me ya sa ƙarin gishirin ya karɓu? Domin hukumar Sin ta lokacin tana son a yarda. Baƙin da suka biyo bayan ziyarar Nixon ta Fabrairun 1972 an riƙa kai su kallon tiyata da allurai, har Antonioni, mai shirya fim ɗan Italiya, ya ɗauki hoton wata mata ana ciro mata jariri a haka. Daga baya ta bayyana cewa zaɓar marasa lafiyar ake yi, kuma da yawansu ana haɗa musu da magungunan rage zafi. Bayan rasuwar Mao, jagoran Sin, a 1976 abin ya ja baya ƙwarai.

Ita kanta sana'ar ba a kan gadon girma take ba kullum, kamar yadda masu tallarta ke nunawa. Littafin Huangdi Neijing, mai shekaru kusan dubu biyu, ya yi bayaninta, amma a 1822 sarki Daoguang ya hana koyar da ita a makarantar likitocin fada. A 1929 likita Yu Yunxiu ya kai ƙudurin soke tsohon magani gaba ɗaya, sai da masu maganin suka yi gangami a Shanghai ranar 17 ga Maris aka janye. Mao ne ya ɗaga ta, domin ƙasa mai ɗaruruwan miliyoyin manoma ba ta da isassun likitoci. Likitansa Li Zhisui ya ce shi Mao ɗin bai yarda ya sha maganin gargajiyar ba.

Ga masu ciwon baya da gwiwa da ciwon kai, waɗanda su ne suka fi neman alluran a yau, hukunci mafi ban sha'awa daga Jamus ya fito a 2007. An gwada masu ciwon baya sama da 1,100: kusan kashi 48 cikin ɗari sun sami sauƙi da allurar da aka tsira a gurbin da littafi ya ce, kashi 44 da wadda aka ɗan soka a ko'ina, kashi 27 kacal da maganin asibiti da motsa jiki. Magoya baya suka ce ga shi tana aiki, masu suka suka ce to ina amfanin gurbin? A Ingila hukumar kiwon lafiya ta NICE ta cire ta daga maganin ciwon baya a 2016, sannan a 2021 ta amince a gwada ta ga mai daɗaɗɗen ciwon jiki da ba a gano sanadinsa ba.